Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyar Kafintoci da Masu Gyaran Kayan Kiɗa a Jidda

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da 'yan uwa.

Babban abin da ya ci mana lokaci bana shi ne maganar katako. A taron farkon shekara mun yanke shawarar cewa duk mai ƙera gita ko ud (molon Larabawa) a cikinmu ba zai sake sayen maɗaci ko madobiya ba sai dillali ya nuna takardar CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa. Madobiya ta shiga rukuni na biyu na jerinta, na waɗanda ba a fitar da su waje sai da izini, a 2017, maɗacin Afirka kuma ya bi sahu bayan taron Panama na 2022. Alhamdulillahi, yawancinmu sun riƙe alƙawarin, duk da tsadar da ta biyo baya.

An sha muhawara, kuma masu ƙorafi suna da gaskiyarsu, domin riba ta ragu. Sai dai mu ba baƙin waɗannan itatuwa ba ne. Da yawanmu a inuwar maɗaci muka tashi, da ɓawonsa iyayenmu mata suka yi mana jiƙon ciwon ciki. Waɗanda suka je gida bana sun ga yadda aka share madobiya a dazuzzukan Taraba. Wani dillali ya kawo mana ita da araha, babu takarda, muka mayar masa da kayansa.

Kan baƙin katakon abanus, dangin kanya, wanda ake shimfiɗawa a wuyan gita, mun ɗauki darasi daga Kamaru. Kamfanin Taylor mai ƙera gita a Amurka, wanda ya shiga mallakar wata masana'antar yankan katako a Yawunde a 2011, ya tarar ana sare bishiyoyi a bar su a daji don kawai cikinsu yana da ratsi. Ya fara amfani da mai ratsin. Mu ma yanzu haka muke yi, kuma masu saye sun karɓa.

Matasanmu sun koyi fitar da katako mai kyau daga tsofaffin ƙofofi da gadaje. Taron sada zumunci ya gudana bayan Sallar layya kamar kullum.

Abin da muka gaza shi ne gudummawar renon dashen maɗaci a gida. Kuɗin bai taru ba. Ma'aji zai zagaya shagunanku kafin azumi, don a aika tun damina ba ta faɗi ba.

Sakatare