Harafi Ɗaya a Katin Asibiti Ba Abin Wasa Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan kalmomin Turanci da suke kama da juna a rubuce amma ma'anarsu ta sha bamban. Malaman makaranta sun daɗe suna kuka da principal da principle, ɗaya shugaban makaranta ɗaya ƙa'ida, ko lose da loose, ɗaya asara ɗaya abu ya yi sako-sako. Yaron da ya rikita su a jarrabawar WAEC maki zai rasa, baɗi ya sake zama. Ni aikin jinya na yi har na yi ritaya, kuma a wajenmu rai ake rasawa.

A duba hypertension da hypotension. Na farko hawan jini ne, awo ya kai 140/90 ko ya haura. Na biyu jinin ne ya faɗi. Daga Girkanci aka aro farkonsu, hyper sama, hypo ƙasa. Haka hyperglycaemia da hypoglycaemia, ɗaya hawan sukari a jini ɗaya faɗuwarsa. Mai ciwon sukarin da nasa ya sauka ƙasa da 70 za ka gan shi yana keto gumi, hannu na rawa, yana magana ba kan gado. Idan yana cikin hayyacinsa, ruwan sukari ko lemo mai zaƙi ake ba shi nan take. Wanda ya karanta katinsa a gurguje ya ɗauka sukarin hawa ya yi, ya yi masa allurar insulin mai ƙara sauke sukari, to sai dai wani ikon Allah. Rubutun likita kuma kowa ya san yadda yake, ga dare, ga ɗaki cike da marasa lafiya, ga wuta ta ɗauke ana haska fitilar waya.

Sunayen magunguna sun fi ba ni tsoro. Chlorpromazine na masu taɓin hankali ne, chlorpropamide na masu ciwon sukari. Tun a 2001 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta nemi kamfanoni su riƙa buga inda suka bambanta da manyan harufa, chlorproMAZINE da chlorproPAMIDE. Mu nan yawancin jama'a ba a gaban likita suke sayen magani ba, a kemis ɗin unguwa suke saya, sau da yawa yaron shago ne a tsaye, ya leƙa harufa biyar na farko ya miƙo kwali. Ina kira ga NAFDAC ta matsa kan irin wancan rubutu a kwalayen da ake sayar mana.

Ku ma masu fassara labarai abin ya shafe ku. Prescribe shi ne likita ya rubuta magani, proscribe kuwa hukuma ta haramta abu, kamar yadda gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Kwamfuta ba za ta ja jan layi a ƙarƙashin ko ɗaya ba, don duka biyun kalmomi ne sahihai.

Bahaushe bai kamata wannan ya gagare shi ba. Wanda ya san lanƙwasa ɗaya ce ta raba baki da baƙi, da kafa da ƙafa, ya riga ya san yadda ake zuba wa harafi ido. Ba a koya mana mu yi wa Turanci irin wannan kallon ba ne kawai.

Don haka, Malam Edita, ku ware ɗan lungu duk mako, kalmomi biyu kacal, kowace da ma'anarta da Hausa da jimla guda. Malaman makarantun jinya da na kiwon lafiya kuma su sa ɗalibai su riƙa karanta sunan magani da ƙarfi har harafin ƙarshe kafin su taɓa sirinji. Na gode.

Daga wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Zariya