Inna, Barkanku da Sallah daga Holan

Assalamu alaikum Inna,

Barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana. Mun yi Idi a wani zaure da aka karɓa haya, ana sallamewa kowa ya hau kekensa ya nufi wurin aiki, don a nan yau rana ce kamar kowace. Gari tsit.

Ina komowa ɗaki na kunna kaset ɗin Baba, wanda Yaya ya juye mini a waya kafin in taho. Kun san shi, mai farin bango da ya tsage a gefe, wanda Allah ya jiƙan rai Baba ba ya barin safiyar Sallah ta wuce bai sa shi ba. Minti 30 ne kowane gefe, kuma har yau idan waƙa ta huɗu ta ƙare sai in ji hannuna yana neman juya shi. Ashe ma kamfanin Philips na ƙasar nan ne ya fito da kaset a 1963. Ga ni a gidansu, amma samarinsu ba su san ana naɗe zare da biro ba.

Waƙoƙin duk suna intanet, tas da su. Ni dai namu nake so, saboda wurin nan da kiɗa ke yankewa a ji muryar Baba yana cewa, "Wa ya taɓa mini rediyo?" Yau sau bakwai na maimaita wurin.

Inna, ni na danna jan maɓallin ranar. Ba a ɓalle 'yan haƙoran saman kaset ɗin ba, shi ya sa ya ɗauki magana. Auta aka yi wa faɗa, ta yi ta kuka da sabon lallenta, ni kuwa ina tsaye na yi gum. Na zauna yau na duba kaina, sai na ga halin bai bar ni ba: in abu ya yi nauyi sai in yi shiru. Shi ya sa kuke jin wata biyu ban kira ba. Aiki nake cewa, alhali kewa ce nake gudun ta fito a muryata. Ku yafe mini.

Amma kada ku damu, lafiyata ƙalau, har na ɗan taka rawa ni kaɗai da kalangu ya ɗauka!

A gaida Kawu da iyalinsa, da Yaya da yara, da maƙwabta. Gwaggo kuma a ce mata ina jin ta a kunnena tana bin amshi tana riga mawaƙin, Allah ya ƙara mata lafiyar ƙafa. Auta, ke taki gaisuwar daban ce. Kaset ɗin yana cikin akwatin Baba, ki adana shi nesa da rana don zafi na lalata zaren. Zan kira ki bayan la'asar ɗinku, akwai bashin haƙurin da kike bi na.

Naku har kullum,
Ɗanku