Zuwa Ga 'Yata, Kan Motsin Da Take Ji A Cikinta

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Tun da muka yi waya shekaranjiya kika ce mini motsin cikin ya sauya salo, maganar ba ta bar raina ba, shi ya sa na zauna na rubuta miki a tsanake, domin ki sami abin dubawa ko da tsakar dare ne hankalinki ya tashi.

Wannan ɗan zillon da kika ce kina ji ɗaya bayan ɗaya kamar bugun agogo, ya ɗauki mintuna kafin ya lafa, galibi shaƙuwa ce yaron yake yi, kuma yara da yawa suna yin ta tun suna ciki. Karkacewar da cikin yake yi gefe guda kuwa, har wani abu mai tauri ya tokaro fata, ƙarancin wuri ne ya kawo ta. Yanzu kina mako na 34, ya girma, babu filin wuntsilawa irin ta wata shida, sai miƙa da mirgina da tokari. Lokacin da nake ɗauke da cikinki, ina zaune sai in ga diddigenki ya taso a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, in danna shi da yatsa ki janye, jim kaɗan ki mayar da shi daidai wurin. Idan kuma cikin ne gaba ɗaya ya ɗaure tamau sannan ya saki, wannan mahaifa ce take gwaji, amma in ya zo a jere da ciwo kafin mako na 37, a asibiti za a tantance shi.

Abin da ya fi damuna shi ne wata magana da na tabbata za ki ji daga bakin masu ƙaunarki, wai yaro yakan rage motsi idan haihuwa ta matso, yana hutawa ne. Kada ki yarda da ita. Motsi yana ƙaruwa har wajen mako na 32, daga nan ya tsaya a kan yawansa har ranar naƙuda; yanayinsa ne yake canzawa, yawansa ba ya raguwa. Barcin yaro a ciki yakan kai minti 20 zuwa 40, da wuya ya wuce minti 90. Saboda haka shirun da ya cinye wuni ba barci ba ne. Sau da yawa idan mabiyiya ta fara gazawa wajen kai masa abinci da iska, abu na farko da yake yi shi ne rage motsi don ya tattala ƙarfinsa, kuma ba shi da wata hanyar sanar da uwa sai wannan.

Ni na taɓa yarda da waccan magana a cikin ƙaninki. Wata ranar da yamma ya yi ta mutsu-mutsu da ƙarfi irin wanda bai taɓa yi ba, sannan ya yi tsit. Na kwana hannuna a kan ciki ina jira, ina jin kunyar in tayar da mutane a kan abin da ban tabbatar ba. Da safe da muka je, ungozoma ta saurari bugun zuciyarsa, na ga fuskarta ta canza, ta kira likita, kuma a ranar aka ciro shi. Allah ya raya mana shi, amma har yau idan na tuna daren nan sai gabana ya faɗi.

Ki san al'adar ɗanki, lokacin da yake farkawa da lokacin da yake lafawa, domin kowane yaro da tasa. Idan kina kokwanto, ki kwanta a gefen hagu ki natsu, in ba ki ji motsi 10 cikin awa 2 ba, ki tafi asibiti. Idan kuwa kin riga kin lura ya ragu, ko ya yi rauni, ko ya yi wata fizga ta ban tsoro sannan ya yi shiru, kada ki tsaya ƙirga, kada ki jira gari ya waye ko ranar awo ta zagayo. Za su saurari zuciyarsa, su ɗaura miki na'urar da ke bin bugunta na aƙalla minti 20, wataƙila su yi hoton ciki su duba girmansa da yawan ruwa. Ko da sun ce lafiya lau yake, in abin ya sake faruwa ki sake komawa, ko sau uku ne. Haka nan idan kika ga jini, ko ruwa ya fashe, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani.

Wajen barci ma ki riƙa kwanciya a gefe, domin rigingine yana sa nauyin ciki ya danne babbar jijiyar jini. In kin farka kin tsinci kanki a haka, ki juya kawai. Ki ba maigidanki wasiƙar nan ya karanta, katin awonki kuma ya zauna kusa da hannu. In ta kama ku tafi da dare, ku tafi tukuna, ki kira ni daga hanya.

Allah ya sauke ki lafiya.

Mahaifiyarki.