Sarewar Duwatsun Andes Ta Tuna Mini Da Tashe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12, nan Legas. Ran Lahadi da daddare ɗana ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, saurari wannan." Bikin Oruro ne na ƙasar Bolibiya a Kudancin Amurka, gari a kan duwatsun Andes, tsayin kusan mita 3,700. Sau uku na sa ya maimaita mini.

Sarewarsu ce ta kama ni. Siku suke kiranta: karare ne, dogo da gajere, a ɗaure jere. Mutum biyu ke raba sautukan, wannan ya busa, wancan ya amsa, sai ka rantse baki ɗaya ne. Ga ganga mai kaurin murya a bayansu. Mutanen yankin suna rera waƙoƙi da Kecuwa da Aimara, harsunan da suka riga Sifaniyanci a ƙasar. A 2001 UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya.

Wallahi raina ya sosu. Yaron nan a Agege aka haife shi, bai taɓa ganin tashe ba, kalangu ma sai ta lasifika ya san shi. Ina roƙon jaridarku ta ware shafi ga waƙoƙin tashe kafin azumi, ku nemi tsofaffin da suka haddace su. Ni da kaina zan aiko muku guda biyu da na tashi da su a Kura.

Naku,
Mai albasa, Mile 12, Legas