Wasiƙa Zuwa Ga Isiyaku Kan Kyamarar Kama Lambar Mota

Tudun Wada,
Zariya.

Abokina Isiyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da kai da uwargida da yara. Yaya Fatakwal, yaya ruwa? Mu nan hunturu ya fara leƙowa, ƙura ta soma tashi. Su Hajiya duk lafiya ƙalau suke, suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso kan kyamarorin da kake son a sa a gidanka na Hanwa, musamman wadda za ta riƙa kama lambar motocin da ke bin layin. Kafin ka tura wa ƙaninka kuɗi ya nufi shagunan PZ a nan Zariya, ka karanta wannan, shi ma ka tura masa, domin yawancin masu haɗa kyamara sun saba da aikin tsakar gida da shago ne, kuma wannan aikin daban yake.

Kyamara ɗaya ba za ta yi maka aiki biyu ba. Wadda ke nuna ƙofar gida da layi gaba ɗaya ba ta karanta lamba, wadda kuma ke karanta lamba ba ta ganin komai sai ɗan wurin da aka saita ta. Saboda haka biyu za ka sa a bakin layi, ɗaya mai faɗin gani da za ta nuna launin mota da mutanen da suka fito daga ciki, ɗaya kuma aikinta lamba kawai. Mai shago zai ce ka ɗauki mai megafiksel 8, wai tana ganin komai. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ga lissafin: faɗin lambar mota tamu kusan santimita 30 ne, kuma kafin a karanta ta ba tare da kokonto ba sai ta ci kamar fiksel 130 zuwa 150 a cikin hoton, fiksel kuwa su ne 'yan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Kyamarar gida da aka saba sawa, mai ido milimita 2.8, a nisan mita 15 tana ɗaukar faɗin kusan mita 35. In mai megafiksel 2 ce, wato fiksel 1920 a faɗi, lambar za ta sami fiksel 16 ne kacal. In mai 8 ce, 33. Duk yadda ka ja hoton ka ƙara masa girma, farin dunƙule kawai za ka gani. Amma ita wannan mai megafiksel 2 ɗin, in aka matso da ganinta ya zama faɗin mita 4 kawai take ɗauka, lambar ta sami fiksel 144, ta fito fes.

Ke nan idon kyamarar ne abin dubawa. Ka nemi doguwa, ba mai siffar ƙoƙo ba, domin gilashin ƙoƙon yana mayar mata da haskenta cikin ido da dare, balle in ƙura ta hau shi. Idonta ya zama wanda ake matsowa da shi daga cikin saiti, milimita 5 zuwa 50, ko 8 zuwa 32. Mai 2.8 zuwa 12 ta fi yawa a kasuwa kuma ta fi sauƙin kuɗi, sai dai ba ta wuce mita 8 ko 9 a wannan aikin. A kyamara mai megafiksel 2 da sansa 1/2.8 (sansa ita ce ɗan allon ciki da ke karɓar haske, lambar kuma girmanta ce), nisan mita 10 yana son kamar milimita 14, mita 15 yana son 21, mita 20 yana son 28. In kuɗi sun kai, mai megafiksel 4 da sansa 1/1.8 ta fi kyau da dare, don sansarta ta fi girma, ta fi tara haske. Hikvision da Dahua duk suna yin irinsu. Akwai kuma masu karanta lambar da kansu su rubuta ta a jeri, amma suna da tsada, kuma sai an tabbatar manhajarsu ta san tsarin lambar Nijeriya. A gida ba dole ba ne. In ido zai iya karantawa daga hoton, buƙata ta biya.

Sai wurin kafawa. Kada a juya ta tana kallon layi a gicciye, mota za ta gifta ne da gefenta. A sa ta tana kallon tsawon layin, yadda mota za ta taho wajenta ko ta ba ta baya. Karkatar da ke tsakaninta da lambar kada ta wuce digiri 30, ta sama ko ta gefe, in ta tsaya a 15 ya fi. Mita 3 daga ƙasa ya isa: hannun yara bai kai ba, kuma in wurin da kake son kamawa yana nisan mita 12 zuwa 15, karkatar ba ta da yawa. Masu ɗora ta a kan bene suna ganin rufin mota ne kawai. A zaɓi inda dole direba ya rage gudu, bakin kwana, ko kwalbati, ko tudun nan da mutanen unguwa ke yi don yara. In layin gabas da yamma ya miƙe, a lura da rana, don da hantsi ko bayan la'asar za ta shiga idon kyamarar kai tsaye. In da zaɓi, na fi son a kama lambar baya: babu fitilar gaba da za ta dalle kyamarar, kuma babur lambarsa a baya take, in ma yana da ita.

Yanzu ga inda yawancin aikin ke lalacewa, wato saitin dare. In aka bar kyamara ta zaɓar wa kanta, da duhu ya yi sai ta rage saurin shota, wato ta daɗe tana buɗe ido don hoton ya yi haske, har ta kai 1/25 na daƙiƙa. Motar da ke tafiyar kilomita 36 a awa tana cin mita 10 a daƙiƙa ɗaya. A 1/25, ta matsa santimita 40 kafin a gama ɗaukar hoto guda, fiye da faɗin lambar kanta. Shi ya sa motar da ke tsaye take fitowa ras, mai tafiya kuma ta zama zane. A 1/1000, santimita 1 kawai ta matsa. Don haka a kafe shotar da hannu: 1/500 in wurin ana rarrafawa ne, 1/1000 a layi irin naka, 1/2000 in bakin babban titi ne.

Da an yi haka hoton dare zai yi baƙi ƙirin. Ka ja kunnen ƙaninka kada ya ce ta lalace, haka ake so. Lambar mota an yi ta ne da abin da ke mayar da haske inda ya fito, shi ya sa hasken IR na kyamarar, wanda ido ba ya gani, yake zuwa ya doke ta ya dawo. Abin da za ka gani shi ne duhu, fitilu biyu, da lamba tana shawagi a tsakani. Sauran bayanin motar aikin ɗaya kyamarar ne. A cikin saitin, inda aka rubuta Gain, wato ƙarin hasken da kyamarar ke yi wa hoto da kanta, a rage shi ƙasa sosai, kamar 20 zuwa 30 cikin 100, in ba haka ba lambar za ta yi fari fat, haruffan su nutse. A kashe WDR da BLC da dare, saitunan da ke daidaita wurin haske da wurin duhu a hoto. A rage DNR, domin yana goge dusar hoto ne ta hanyar haɗa hotuna da ke bin juna, kuma hakan na jawo wa abu mai motsi inuwa. In ana buƙatar ƙarin fitilar IR, a ɗauki mai lamba 850, a kafa ta dab da kyamarar. In aka kai ta can gefe, hasken wajenta zai koma, ba wajen kyamarar ba.

Daidaita gani shi ma da dare ake yinsa. A ajiye mota daidai wurin da ake son kamawa, a daidaita har haruffan su fito, sannan a mayar da shi na hannu. In aka bar shi yana daidaita kansa, a cikin duhun nan zai yi ta lalube, mota ta wuce bai samu ba. Inda gani ya zauna da rana ba nan yake zama a hasken IR ba, shi ya sa ake yi wa rana saitinta, dare nasa, a sa su riƙa canzawa da agogo: na dare ya shiga rabin awa kafin magariba, ya fita bayan rana ta fito. Lokacin magariba a Zariya yana matsawa fiye da rabin awa tsakanin damina da hunturu, sai a riƙa gyara agogon sau biyu ko uku a shekara. Wasu kyamarorin kuma in wuta ta ɗauke ta dawo sukan sake lalubo ganinsu, to a gwada wannan tun ranar haɗawa: a zare, a mayar, a duba.

Akwai abin da ya shafi lambobinmu na nan. Motar gida rubutunta shuɗi ne a kan fari, ta haya ja, ta gwamnati kore. Jan rubutu sau da yawa yakan dusashe a hasken IR, har lambar ta fito kamar ba a rubuta komai ba, kuma su ne na tasi da Keke Napep. Maganinsa a sa farar fitila mai ƙarfi, kamar wat 50, tana haska wurin, a gwada barin kyamarar a hoto mai launi da shota 1/500. Ba kullum yake yi ba, sai an gwada da keke na gaske. Lambar da fentinta ya ɓare, ko taɓo ya rufe, ko aka sa mata baƙin gilashi, wannan babu kyamarar da za ta yi maganinta.

Kebul a sayi Cat6 na jan ƙarfe zalla. Akwai wanda ciki alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, ya fi arha, amma araha ba ta ado: da dare, lokacin da fitilun IR suka kunna kyamarar ta ƙara jan wuta, sai ta riƙa mutuwa tana tashi. A kankare silin wayar da wuƙa, in ciki fari ne a mayar musu. Tsawonsa kada ya wuce mita 100. Da tsarin PoE, kebul ɗaya ne ke kai wuta ya dawo da hoto, ba sai an ja wata waya ba. A bi da shi ta cikin bututun roba, mahaɗar ta shiga akwatin da ruwa ba ya shiga, a kuma ɗan lanƙwasa kebul ɗin ƙasa kafin ya shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. Ka san tsawar damina a nan, saboda haka in a kan sandar ƙarfe za a kafa, a sa na'urar kare tsawa a kebul ɗin, a haɗa ta da ƙarfen da aka binne a ƙasa.

Rikodar NVR, wato na'urar da ke ajiye abin da kyamarorin suka ɗauka, mai ƙofa 4 ta wadatar. Kyamarar lamba a sa ta ɗauka ba tsayawa, kada a dogara da ta fara sai ta ga motsi, don a baƙin hoto takan makara. Hoto 20 zuwa 25 a daƙiƙa, tsarin matse bidiyo a zaɓi H.265, nauyin hoton a kafe shi a megabit 6, a kashe H.265+ domin yana matse abin da ake nema. Wannan yana cin kusan gigabait 65 a rana. Ɗaya kyamarar a megabit 4 tana cin 43. Faifan ajiya mai terabait 2 zai riƙe su kamar kwana 18 kafin ya fara goge na baya. A sayi irin na kyamara, WD Purple ko Seagate SkyHawk, ba na kwamfuta ba. A ɓoye rikodar a inda baƙo ba zai yi tsammani ba, a kuma sa katin memori mai gigabait 128 a cikin kyamarar lambar, ko an ɗauke rikodar akwai na kusan kwana 2 a ajiye. Agogonta a saita shi GMT+1, ya riƙa gyara kansa ta intanet. Hoton da kwanan watansa ba daidai ba wahalar amfani gare shi a gaban hukuma.

Batun wuta ba sai na gaya maka ba. Kyamara biyu, rikoda da rauta duka kamar wat 40 suke ci. Batir mai bolt 12, amfiya 100, in ba a so ya mutu da wuri rabinsa ake sha, wanda da inbata zai kai kusan awa 12. In gidan na da sola, a ja musu layinsu daban, kada a haɗa su da firji.

Tunda daga nesa za ka riƙa dubawa, a sa rauta mai layin waya. Ka riƙa kallon ƙaramin hoton, wanda ke cin kamar megabait 230 a awa. Babban yana cin gigabait 2.7 a awa, sai in akwai abin da kake son tantancewa. Kalmar sirri kai za ka sa da kanka bayan mai haɗawa ya gama, kada a bar wadda ya zaɓa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a riƙa goge gilashin duk mako da ƙyalle mai laushi, don ƙurar hunturu in ta kwanta a kai hasken IR yana mayar da hoton hazo. Da damina kuma saƙar gizo ce matsalar, zare ɗaya a gaban idon ya isa ya rufe komai.

Kafin a kafa, ƙaninka ya sanar da mai unguwa da maƙwabta, ya nuna musu abin da take ɗauka a waya. Ganin ya tsaya a kan titi, kada ya leƙa zauren wani ko tsakar gidan da iyali ke ciki. Inda ba makawa, akwai saitin da ake rufe wani sashe na hoton da baƙi. In kuma wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, a kwafe ɗaukar kyamarorin biyu a filashi a kai wa 'yan sanda, su ne ke da hanyar bin lambar ta rajistar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC. Kada a watsa a WhatsApp ko Facebook. Ɓarayi na sa lambar bogi ko ta wata motar, sai a jefa bawan Allah cikin abin da bai ji ba bai gani ba.

Kada a biya mai haɗawa cikon kuɗinsa sai an yi gwaji bayan isha'i: mota ta wuce da cikakkiyar fitila, ta je ta dawo, a hankali sannan da gudu, babur da keke su ma su bi. A tsayar da hoton a rikodar, ba a waya ba, a karanta lambar harafi bayan harafi. Ka ce ƙaninka ya auno mini nisan daga katangarka zuwa kwalbatin bakin layin, da faɗin layin, sai in gaya muku idon da za a saya.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara. Allah ya bar zumunci.

Wassalam.
Naka,
Lawal