Na ce sai baɗi, baɗin ya ɗauki shekara goma sha ɗaya

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da ƙannenmu 'yan makaranta, musamman waɗanda abin kallo ke bayan gidansu amma kullum suna ɗage zuwa.

A 2009 ina karatu a Birnin Kebbi, abokaina suka haɗa kuɗin mota za su je bikin kamun kifi na Argungu. Na ce jarrabawa ta matso, kuma ai biki ne na shekara-shekara, sai baɗi. Ashe daga wannan shekarar za a dakatar da shi. Ba a sake buɗe kogin Matan Fada, inda ake kamun kifin, don bikin ba sai a watan Maris na 2020. Kafin nan tuni iyali suka hau kaina, abokan kuma kowa ya kama gabansa, ɗaya ma ya riga mu gidan gaskiya.

Da aka dawo da shi ban tsaya shawara da kowa ba, na rufe shago na tafi. Wallahi hoto bai kama ƙafar abin ba. Ana buga bindiga sai ka ga dubban masunta sun ruga cikin ruwa, kowa da homarsa da ƙaton gora, makaɗa na bin su a kwalekwale suna zuga su. Da idona na ga an jawo giwan ruwa, sai da ƙarti suka taru kafin a ɗora shi a sikeli. Ga kabanci, wato wasannin gasa na cikin ruwa, ga tseren kwalekwale. Amma ni kaɗai na tsaya a bakin gaɓa, babu wanda zan taɓa in ce kai, duba can.

Biki ne fa da ya samo asali tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Duk da haka ya tsaya cak. To balle ƙananan bukukuwan garuruwanmu da ba su da gata?

Tun daga nan, in dama ta zo kuma aljihu zai iya, tafiya nake yi. Hawan Daushe na Kano ma haka na je na gani.

Roƙona gare ku, Edita, ku riƙa buga ranakun irin waɗannan bukukuwa da wuri, ba sai an watse mu ga hotuna ba. Ɗalibi yana bukatar lokaci kafin ya tara kuɗin mota.

Naku,
Mai karatu daga Birnin Kebbi