Baƙonku bai ambaci gudun mota ba ko sau ɗaya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Talata ya ɓata min rai, kuma har yanzu ban huce ba. Baƙonku ya shafe kusan minti 40 yana yi wa masu keke da masu tafiya a ƙasa faɗa: su sa kaya masu haske, su duba hagu da dama, su ajiye waya. Bai ambaci gudun mota ba ko sau ɗaya, mai gabatarwa kuma ya bar shi yana ta zuba.

Shekara 11 ke nan ina zuwa aiki a kan keke, da hular kwano, da fitila gaba da baya, amma sau biyu ana buɗe min ƙofar mota a fuska. Nawa ma mai sauƙi ne. Mahaifina mai shekara 74 ya tsaya a inda aka zana farin layi don masu tsallakawa, da rana tsaka, ya duba hagu da dama kamar yadda baƙonku ya koyar. Yana tsakiyar titi mota ta kwashe shi, ƙashin ƙugunsa ya karye. Direban ya ce wai bai gan shi ba. Ina zai gan shi, yana sheƙa gudu? Kuma wa ya taɓa auna ko daƙiƙun da danja ke ba masu tsallakawa sun ishi tsoho mai sanda?

Da kun leƙa rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023, da kun ga mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Hukumar ta ce idan gudun motar da ta buge mutum ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwarsa na ninkuwa sau huɗu da rabi. Shi ya sa taron ƙasashen duniya kan kiyaye haɗurran titi da aka yi a birnin Stockholm na Sweden a 2020 ya nemi a tsaya a kilomita 30 duk inda motoci ke cuɗanya da mutane. A birnin Oslo na ƙasar Norway an rage gudu, an kwashe wuraren ajiye motoci daga tsakiyar gari, an ware wa keke hanyarsa; a 2019 ba a kashe mai keke ko mai tafiya a ƙasa ko ɗaya ba. Wannan ne abin da ya kamata masu sauraro su ji.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami, ga wani ƙorafin. Da asibiti ya sallami Baba, likita ya ce sai an kai shi gidan jinyar tsofaffi. Kamfanin inshora ya biya kuɗin tiyata, amma ya ce wanka da juya majiyyaci da kai shi banɗaki ba magani ba ne, don haka babu ruwansa. Ƙanwata ta ajiye aikinta tana jinyarsa. Jamus ta kafa inshora ta musamman don irin wannan kulawa tun 1995, Japan ta bi a 2000, amma ban taɓa jin tasharku ta taɓo zancen ba.

Ku dawo da baƙon nan ku tambaye shi batun gudu. Baba yana kwance rediyo na gefen matashinsa aka yi shirin, ya saurara har ƙarshe. Da aka gama sai ya kira ni, ya tambaye ni ko shi ne da laifi.

Naka,
Mai sauraronku na kullum